Aljanin Japan a Harra ta Gabas

Har yau idan na ji wani ya ce fim ne ya lalata yarinya, sai in tuna da abin da ya faru a gidanmu. Haka aka faɗa a kan ƙanwata a Madina, a farkon shekarun dubu biyu. Ƙarya ce, kuma cikin waɗanda suka bari aka yi ta yaɗa ta akwai mutum ɗaya da ya san ƙarya ce tun ranar farko.

Muna zaune a unguwar Harra ta Gabas, a hawa na biyu na wani tsohon gini da fentinsa ya fara ɓarewa. Baba masanin haɗa magunguna ne, yana aiki a wata saidaliyya, wato shagon magani, can kusa da Harami. Da ni a goye aka baro Kano. Ƙanwata kuwa a Madina aka haife ta, ita ce ta ƙarshe, shi ya sa kowa Auta yake ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana da Hausa sai ta mayar maka da Larabci. Umma ta yi faɗan har ta gaji ta bari. A lokacin da nake ba da labari Auta tana makarantar sakandare, ni kuma na gama ina zaman jiran gurbi a jami'a.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata 'yar Indunusiya, mace mai fara'a, mijinta direban motar alhazai ne. Idan 'yan'uwanta suka zo Umra sukan kawo mata busasshen kifi da kayan yaji, a ƙasan jakar kuma fayafayan bidiyo. Babu gidan sinima a ƙasar a wancan zamanin, abin kallo sai wanda aka miƙo maka hannu da hannu. Yawancin nata finafinan tsoro ne na Japan, na masu kisan mutane ɗaya bayan ɗaya da na fatalwa. Ita kaɗai ba ta iya kallonsu, sai ta ƙwanƙwasa mana ƙofa bayan la'asar, idan Baba ya koma aiki. Umma ta sani. Takan ce mu dai tabbata mun dawo kafin kiran magariba.

Ba su yi kama da duk wani fim da na taɓa gani ba. Babu ihu, babu kiɗa mai razanarwa. Sai a daɗe ana nuna maka butar shayi a kan wuta, ko takalma a jere bakin ƙofa, kana ta jira. Akwai wani na mai gyaran agogo, mutum tsaf-tsaf da yake rusuna wa kowa a layinsu, yara suna gaishe shi, alhali matan da suka shiga shagonsa su kaɗai ba sa fitowa. Akwai wani na wata mata da ta mutu, amma kullum mijin zai tarar da ita a kicin tsaye ta juya baya, ba ta waiwayowa, ba ta cewa komai. Wannan ya hana ni shiga kicin ɗinmu ni kaɗai na wani lokaci.

Ni ce matsoraciyar. Nakan ɓoye fuska a matashin kujera ina leƙe da ido ɗaya, maƙwabciyar tamu tana salati da yarensu. Auta kuwa dariya take yi. Ba wanda yake jin Japananci a cikinmu, rubutun da ke ƙasan hoton ma ba mu iya karanta shi ba, don haka ita take yi mana fassara ta ƙarya. Fatalwa na tsaye a kicin, Auta sai ta maƙale murya ta ce da Larabci, “Wane ne ya cinye min shinkafar da na ajiye?” Mai gyaran agogo ya rusuna wa wata mata, sai ta ce, “Marhaba, shigo, yau akwai rangwame.” Har ta iya kwaikwayon sautin maganarsu, ta yi ta jero kalmomi marasa ma'ana da irin karin muryarsu, mu yi ta dariya har da hawaye. A rayuwata ban ga yarinyar da fatalwa ba ta dame ta ba kamar Auta.

Faɗuwarta ta farko da safe ne, muna karin kumallo, tana sanye da kayan makaranta. Kofin shayi na hannunta, sai idonta ya kafe, ta yi wata ƙara, ta sulale ƙasa jikinta yana fizga. Umma ta rugo da cokali za ta tura mata a baki. Baba ya riƙe hannun Umma.

“Kada ki sa mata komai a baki. Ku janye teburin nan.”

Ya juya ta a gefenta, ya tura tawul a ƙarƙashin kanta, ya kwance mata ɗankwali, sannan ya duba agogon hannunsa ya yi ta dubawa har ta lafa. Ina tsaye ina kallonsa. Mutum ne da ya san abin da yake gani, ya kuma san abin da ake yi masa. Da ta farfaɗo ya ce gajiya ce da rashin barci, ta huta yau. Sannan ya dube ni da Umma ya ce, “Kada maganar nan ta fita daga gidan nan.”

Ta fita da kanta. Bayan 'yan makonni aka yi suna a gidan Baffa, yayan Baba, a unguwar Uhudu inda yake da shagon dabino da carbi. Ɗakin mata cike yake, Kanawa da Damagarawa da 'yan Sudan, ana ta zuba shinkafa a faranti. Da rana Auta ta tara 'ya'yan Baffa a wani ɗaki tana yi musu wasan fatalwar kicin, ta rufe kanta da farin mayafi ta juya musu baya, suna ihu suna dariya. Can bayan an ci abinci ta faɗi a tsakiyar mata. Na ga yadda suka dare, kowace tana janye zaninta da ɗanta. Wata ta ce kada a taɓa yawun. Ni kaɗai na durƙusa na juya ta yadda na ga Baba ya yi.

Kafin ta buɗe ido 'ya'yan Baffa sun ba da labarin mayafin. Matar Baffa ta tsare ni a bakin ƙofa.

“Ke, wane irin abu kuke kallo a gidan nan naku?”

Na faɗa mata, don ban ga abin ɓoyewa ba. Ta tafa hannu ta juya wajen matan.

“To ga shi nan! Aljanin Japan ne. Sun yi ta kiran su a cikin akwati har ɗaya ya fito ya shige ta.”

Na ga fuskokinsu sun saki, kamar an ba su abin da suke jira. Nan take kowace ta tuno da labarin wata yarinya a Jidda ko a Makka da irin haka ya same ta.

Washegari Baffa ya zo gidanmu. Ya sa aka karɓo fayafayan daga wajen maƙwabciyarmu, kayan da ba nasa ba, ba namu ba, ya zauna a falo yana karya su ɗaya-ɗaya da hannunsa yana jefawa a leda. Ya ce a garin Manzo, a maƙwabtaka da Harami, 'ya'yan ɗan'uwansa suna zama suna kallon matattun arna. Ya ce ni ce babba, ni na ja ta. Ya ce kada ƙafarmu ta sake taka ɗakin matar nan. Duk wannan ban damu da shi ba sosai, Baffa kullum haka yake. Baba nake kallo. Yana zaune a gefe, kansa a sunkuye, yana murza carbi. Ina jira ya ɗago ya ce, Yaya, ba haka ba ne, ciwo ne, na san sunansa. Bai ɗago ba. Da Baffa ya ce akwai wani mai ruƙiyya a bayan rumfunan Uhudu da aljanu suke tsoro, Baba cewa ya yi, “To, Yaya.”

Ni ba ni da faɗa da karatun Alƙur'ani a kan mara lafiya. Umma tana yi wa Auta kullum, hannunta a kan goshinta, kuma Auta takan samu natsuwa. Abin da mutumin nan yake yi daban ne. Ɗakinsa cike da jarkokin ruwa da kwalaben man zaitun, mata a jere a zaure suna jiran layi. Ya sa Auta ta zauna a ƙasa cikin abayarta, ni da Umma a bayanta, Baffa a bakin ƙofa. Ya yi karatu kaɗan da ƙarfi a kunnenta, sannan ya fara tambaya.

“Wane ne kai? Daga wace ƙasa ka zo?”

Auta ta ce, “Ni ce.”

“Ƙarya kake yi, maƙiyin Allah! Faɗi sunanka!”

Ya sa safar hannu ya shaƙe ta a wuya har idonta ya firfito. Ya ɗauko guntun tiyo na ruwa ya shiga dukan tafin ƙafarta. Umma ta yunƙura, Baffa ya ce ta zauna, ba yarinyar ake duka ba, ita ba ta jin komai. Auta tana kuka tana kiran Umma, ana ce mana aljanin ne yake kwaikwayon muryarta don a tausaya masa. Da muka fito sai da na goya ta zuwa mota, budurwa guda.

Aka sake komawa, aka kuma sakewa. A zuwa na uku ko na huɗu, da ya ɗaga tiyon, sai na ji Auta ta maƙale murya ta fara jero irin kalmomin nan marasa ma'ana da take ba mu dariya da su a ɗakin maƙwabciya. Na gane nan take. Ta gaji ne, ta ga abin da yake so ke nan, ta ba shi don ya ƙyale ta. Mutumin ya yi kabbara. Ya ce mu saurara, ga aljanin ya yi magana da yarensu. Ya tambaye shi zai fita, Auta ta gyaɗa kai. Ta ina? Ta nuna ɗan yatsan ƙafarta. Baffa yana ta hamdala, hawaye a gemunsa.

A mota na raɗa mata, “Me ya sa kika yi haka?”

Ta ce da Larabci, “Ƙafata, Yaya. Ba zan iya ba kuma.”

Kafin sati labarin ya zaga duk gidajen Hausawan Madina. Yarinyar da ba ta taɓa zuwa Japan ba ta yi Japananci a gaban shaidu. Na ce wa matar Baffa wasa ne, ta daɗe tana yi mana shi, babu kalma ɗaya ta gaske a ciki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ni ma ya kamata a duba ni.

Ciwon bai san an yi yarjejeniya da shi ba. Ya dawo, a banɗaki wannan karon, ta fasa leɓe a bakin famfo. Aka mayar da ita wajen mutumin. Ransa a ɓace, don an ji a gari cewa ya fitar, ga shi kuma an dawo. Ya ce aljanin mayaudari ne, ya yi alkawari ya saɓa. Bai yi wani dogon karatu ba. Ya ɗaga hannu ya kwaɗa mata mari a kunnen hagu, mari na ƙato, har kanta ya bugi bango. Na ga jini siriri yana gangarowa ta ƙarƙashin mayafinta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa Allah ya isa, da Hausa, na sake faɗa da Larabci don ya ji da kyau, matan da ke zaure ma su ji. Baffa ya daka min tsawa. Umma, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban Baffa ba, ta kama hannun Auta ta ce, “Yaya, ya isa haka. 'Yata ce.” Muka fito muka bar shi a tsaye, muka tari tasi a bakin rumfunan masu sayar da turare.

Gida muka fara zuwa, don katin asibitinta yana can. A matakala muka ci karo da maƙwabciyar da aka hana mu gaisawa da ita. Ta ga jinin, ba ta tambayi komai ba, ta koma ta taso mijinta daga barcin rana. A motarsa muka je asibiti.

Likitar da ta duba ta 'yar Sudan ce, babbar mace. Ta leƙa kunnen ta ce dodon kunnen ya fashe, wa ya yi mata haka? Ni na faɗa, tun daga kofin shayi har zuwa marin. Ta ajiye abin da ke hannunta ta tambayi aikin mahaifinmu. Da na faɗa mata sai ta dube ni kawai, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka yi wa Auta gwajin ƙwaƙwalwa, aka manna mata wayoyi a kai. Farfaɗiya ce. Likitar ta ce irin wadda magani yake riƙewa ce, in ana sha a kan lokaci za ta yi karatunta, ta yi aurenta, ta haihu.

Da Baba ya dawo cin abincin rana washegari na same shi a falo. Ban taɓa tsayawa a kansa ina magana ba sai ran nan.

“Baba, ka san farfaɗiya ce.”

Bai musa ba. Ya ce in zauna. Na ƙi.

“Tun ranar da ta fara faɗuwa ka sani. Maganin yana kan kanta a shagonku, kana miƙa wa 'ya'yan wasu kullum.”

Ya ce, “Ke yarinya ce, ba ki san mutanenmu ba. Aljani ana fitar da shi a manta. Farfaɗiya kuwa in aka ji ta a gida, ta zauna ke nan. Wa zai zo neman aurenta? Ke ma wa zai zo neman naki? Har Kano sai an kai labarin.”

“Shi ya sa ka bari ana dukanta?”

“Ban san yana duka haka ba.”

“Ka ga ƙafarta, Baba. Kai ka kawo man da ake shafa mata.”

Ya ce in fita masa daga gaba. Na fita. A ganinsa rufa mana asiri ya yi, kuma na san da gaske yake jin hakan a ransa. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Ya auna 'yarsa da bakin mutane, bakin mutane ya fi nauyi, kuma da sunana ya yi awon, wai don in samu miji.

Daga ranar shi yake kawo maganin da kansa. Sai ya ɓare ƙwayoyin daga kwalinsu ya zuba a kwalbar bitamin, don kada baƙuwa ta gani ta karanta. Faɗuwar ta ragu, daga baya ta tsaya. Mutane suka ce ai marin nan ne ya kori aljanin, da ma irinsu sai da zafi. Layin zauren mai ruƙiyyar ya ƙaru. Na san mata biyu da suka kai 'ya'yansu saboda labarin Auta, na je har gida na faɗa wa ɗaya gaskiya, ta kai ƙarata wajen Baffa. Baba kuwa in aka yi masa barka a masallaci, amsawa yake yi da alhamdu lillahi.

Kunnen bai dawo daidai ba. Har yanzu in za ka yi wa Auta magana sai ka koma damanta. Ta rasa shekarar karatu guda, da ta koma kuma 'yan ajinsu sun riga sun ji, ba mai son zama kusa da ita. Ta daina kwaikwayon kowa. Maƙwabciyarmu ta tashi daga ginin ba da daɗewa ba, don matan unguwa sun daina amsa sallamarta, kuma babu wanda ya je ya ba ta haƙuri a kan kayanta da aka karya ko a kan sunan da aka ɓata mata. Ni da Umma muka taya ta ɗaure kaya.

Auta ta gama makaranta, ta yi karatun koyarwa, yanzu tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata. Da wanda ya aure ta ya fara zuwa, Baba ya so a yi shiru. Ita da kanta ta fito falo da kwalin maganin, na ainihi, ta ajiye a gaban saurayin ta ce ga abin da take sha, ga dalili, in zai fasa ya fasa yanzu. Ya karanta kwalin, ya tambaye ta sau nawa ake sha a rana. 'Ya'yansu uku.

Baba ya rasu a Madina, aka binne shi a can kamar yadda ya yi ta roƙo. Na yi masa addu'a, ina kuma yi masa har gobe. Auta ta ce ta yafe masa tuntuni, ta ce in bar maganar. Na gwada. Amma bai taɓa zaunar da ita ya ce ya yi kuskure ba, bai taɓa faɗin sunan ciwon da bakinsa a gaban kowa ba, har ya koma ga Allah. A wajen zaman makokinsa wata tsohuwa ta kama hannuna tana yi min gaisuwa, sannan ta nuna Auta da haɓa ta tambaye ni a hankali ko mutanen nata suna taɓa ta har yanzu. Na ce mata farfaɗiya ce, Hajiya, tana shan magani, ba ta taɓa yin aljani ba. Na faɗa da ƙarfi, don duk ɗakin ya ji. Umma ta dafa gwiwata, na ɗauki farantin dabino na ci gaba da zagayawa da shi.